An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Gilashin Idon Kifi Bai Yi wa Kowa Ƙarya Ba



Tun bayan kaka ake ta ce-ce-ku-ce a nan Kafur a kan wani hoton gona. Wani bawan Allah mazaunin Kano ya ba ɗan'uwansa kuɗin taki da na ƙwadago, a noma masa masara a wajen Mahuta. Da shuka ta yi kyau sai aka tura masa hoto ta WhatsApp: gona kore shar, iyakarta can nesa kamar sai an hau babur kafin a kai ƙarshenta. Ya ƙara turo kuɗi. Ranar da ya zo kwasar amfani, sai ya tarar da 'yar gonar da yaro zai jefa dutse ya tsallake ta. Ashe an ɗauki hoton ne da ɗan gilashin nan da ake maƙalawa a bayan waya, wanda ake kira idon kifi. Yanzu zumunci ya yi tsami, kuma duk majalisar da ka zauna hukuncin ɗaya ne: wai gilashin nan maƙaryaci ne, kayan 'yan damfara.

Mu ba mu yarda ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Da farko, mene ne aikinsa? Gilashin kyamara na yau da kullum, mai milimita 50, abin da ke gabansa kawai yake kamawa, faɗin da bai kai digiri 50 ba. Idon kifi kuwa digiri 180 yake kwasowa, daga hannun damanka har na hagu, daga sama har takalminka. Ba yadda za a shimfiɗa rabin duniya a kan takarda ba tare da wani abu ya lanƙwashe ba, kamar mai son baje ƙwarya a kan tabarma ne. Shi ya sa duk layin da bai ratsa tsakiyar hoton ba sai ya tanƙware, abin da ke kusa ya kumbura, na nesa ya tsuke. Wannan lissafi ne, ba sihiri ba.

Kuma ba don ruɗin ido aka ƙirƙire shi ba. A 1906 wani masanin kimiyya a Amurka, Robert Wood, ya so ya ga yadda kifi ke hango duniya daga ƙarƙashin ruwa, sai ya haɗa kyamara a cikin bokiti cike da ruwa. Daga nan sunan ya samo asali. A 1924 Robin Hill na Ingila ya tsara gilashin da ke ɗaukar sararin sama gaba ɗaya a hoto guda, don a auna yawan gajimare. Shi ne mutumin da daga baya ya yi suna wajen binciken yadda ganye ke amfani da hasken rana. A 1972 kamfanin Nikon ya fitar da wani mai digiri 220, nauyinsa ya haura kilo biyar, har abin da ke ɗan bayansa yana hangowa. Duka waɗannan mutane so suke kada komai ya ɓuya.

Har gobe aikinsa ke nan. Masu binciken noma da gandun daji sukan ajiye shi a ƙasa yana kallon sama, su auna yadda ganye ya rufe rana. Mai siton hatsi ko shagon taki a Funtua da Malumfashi, idan ya kafa kyamarar tsaro irin wannan a tsakiyar silin, guda ɗaya ta ishe shi ganin kusurwa huɗu. Ɗan ramin ƙofa da ake leƙa mai sallama, da kyamarar da ke nuna wa direba bayan mota, duk danginsa ne. A ƙuntataccen wuri kamar cikin rumbu, inda ba ka da wurin ja da baya, babu kamarsa.

Ba mu ce ba shi da aibi ba. Gefen hotonsa yakan yi dishi-dishi, launi ya zarce iyakarsa. Saboda faɗinsa, da wuya rana ba ta faɗo cikin hoton ta wanke shi ba. Na arahan da ake maƙalawa a waya, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta kakkarce shi. Ka ɗauki amarya da shi daga kusa, hancinta zai riga ta shiga ɗaki. Bai dace da hoton fasfo ba, balle awon fili.

Amma ku lura da abu ɗaya: ba ya ɓoye aibinsa. Duk wanda ya ga sararin sama ya gantsare, bishiya ta rusuna, ya san ba haka Allah ya yi su ba. Gilashin da kansa yake faɗa maka, "Kada ka auna da ni." To me ya faru da hoton gonar Mahuta? Waɗanda suka ga na asali sun ce har da baƙin da'ira a gefe, da silifas ɗin mai ɗauka, da gonar maƙwabci. Kafin a tura sai aka datse duk wannan, aka bar tsakiya. Ba gilashi ne ya datse ba, yatsan mutum ne.

A nan maganar ta iso kanmu. Mu ma datsa muke yi. Wani in zai rubuta labarin yankin nan, ba abin da zai nuna sai 'yan bindiga, kamar ba a noma auduga da waken suya, kamar ba a ɗaurin aure. Wani kuma sai kirari da yabon damina, kamar ba wanda ya kwana a daji don tsoro. Kowannensu gaskiya ya ɗauko, amma ya yanke gefenta. Ba laifi ba ne abin da ke kusa da kai ya fi girma a idonka, kowa haka yake. Laifin shi ne ka goge alamar inda ka tsaya, ka bar mai karatu yana zaton ƙasar ke nan gaba ɗaya.

Saboda haka kiranmu biyu ne. Wanda zai tura hoton gona ko fili alhali akwai kuɗin wani a ciki, ya bar gefen hoton yadda yake, ya tsayar da mutum a kan iyaka, ya kuma faɗi awon da igiya ta bayar. Wanda aka tura wa shi ma ya tambaya, domin ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Mu kuma masu alƙalami, kafin mu saki rubutu, mu tambayi kanmu me muka yanke, kuma wa yankewar za ta cutar.

Allah ya shirya tsakanin waɗannan 'yan'uwa biyu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.