Dokokin jirage marasa matuƙa a Najeriya

Dokokin jirage marasa matuƙa a Najeriya wani ɓangare ne na dokokin sufurin jiragen sama na farar hula, waɗanda Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, ke tsarawa da aiwatarwa. Sun shafi masu ɗaukar hoto da bidiyo, masu awon filaye, manoma da kamfanonin kai saƙo.

Tarihi

An kafa NCAA da dokar soja mai lamba 49 ta shekarar 1999, ta fara aiki a watan Janairun 2000. Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2006 ta ƙara mata iko, sannan dokar 2022 ta maye gurbinta. Ƙa'idojin hukumar na bin tsarin ICAO, ƙungiyar sufurin jiragen sama ta duniya da Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta samar.

A watan Mayun 2016 hukumar ta haramta tashin jirgi maras matuƙi ba tare da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba. A kundin ƙa'idoji na 2023 ne aka ware wa waɗannan jirage babi nasu, wato Kashi na 21.

Abin da doka ta tanada

Ana bukatar mai jirgi ya yi masa rajista, kamfanin da ke sana'a da shi kuma ya mallaki takardar shaidar aiki. A aikin yau da kullum, jirgin ba zai wuce ƙafa 400 daga ƙasa ba, kimanin mita 120, kuma dole mai sarrafa shi ya riƙa ganinsa da ido. An hana tashi kusa da filayen jiragen sama da wuraren tsaro sai da izini na musamman. Shigo da jirgin daga waje ma na bukatar takardar amincewa daga ofishin tsaro.

Tsaro da sana'a

Babbar matsalar ita ce izinin na hannun ofisoshi biyu masu damuwa daban. NCAA na gudun karo da jirgin fasinja, ofishin tsaro kuma na gudun leƙen asiri da kai hari. Wannan fargaba na da tushe: a watan Disambar 2024 mayaƙan ISWAP sun kai hari da irin waɗannan jirage kan sansanin soja a Wajiroko da ke jihar Borno, kuma a Janairun 2025 rundunar Haɗin Kai ta hana amfani da su a arewa maso gabas.

Sai dai sharuɗɗan farko sun yi wa ƙananan masu sana'a tsauri. An nemi kamfani mai jarin naira miliyan 20, kuɗin neman izini naira 500,000, da miƙa takarda watanni shida kafin fara aiki. Kamfani irin Zipline, wanda ya fara kai magunguna da alluran rigakafi a jihar Kaduna a 2022, na iya cika su. Matashin da ke ɗaukar bidiyon biki ko hawan sallah ba zai iya ba, don haka da dama ke aiki babu rajista, hukuma kuma ba ta san da su ba.

Iyakar dokar

Ikon NCAA bai kai ga jiragen soja ba, domin Yarjejeniyar Chicago ta cire jiragen soja, kwastam da 'yan sanda daga tsarinta. Saboda haka harin Tudun Biri na 3 ga Disamba 2023, inda jirgin sojan ƙasa maras matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 a wajen taron Mauludi a jihar Kaduna, bai shiga hurumin hukumar ba; hedikwatar tsaro ce ta bincike shi.