A Ba Matan Ruga Wurin Zama

Ga wata magana, ko da ya ke mun san za ta yi wa waɗansu dattawa nauyi.

A ƙasar Chadi akwai wata Bafillatana 'yar Bararo, ana ce da ita Hindu Umaru Ibrahim. An sa ta makaranta a Njamena, amma ba ta rabu da ruga ba. A 1999, tana yarinya, ta kafa ƙungiyar matan Fulani ta Chadi. A 2016 ita ta yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ran da ƙasashe su ka sa hannu a yarjejeniyar Faris ta sauyin yanayi.

Mu dai aikin da ta yi a gida ya fi kama hankalinmu. A Baibokum, can kudancin Chadi, ta tara jama'a su ka gina taswirar ƙasarsu, da tudunta da kwarinta. Maza su ka nuna duwatsu da koguna. Da mata su ka matso, sai su ka nuna inda su ke samun ruwa da abinci da itacen magani. Ashe rabin sanin ƙasar yana hannunsu!

To, mu fa a nan Gana? Kowa ya ji rigimar makiyaya da manoma a Agogo. In an kira sulhu, sarakuna da limamai su kan cika zaure, mu masu alƙalami muna gefe. Amma mai tallan nono da wagashi, wadda ta san kowace ƙofa a ƙauye, matan manoma na cin bashinta, wa ya ke kiranta? Alhali in an yi ɓarna, ita za a bar wa marayu.

Waɗansu za su ce kunya ba za ta bar ta ta yi magana gaban maza ba. Gaskiya ne, kunyar Fulani sananniya ce. Sai a fara daga gidan Magajiya, su yi shawararsu can, ta kawo zaure.

Muna roƙon kowace Magajiya ta ɗauki 'yan matan ruga biyu, a koya musu karatu da lissafi, a danƙa musu littafin adashi su riƙe, don da aiki a ke koyon shugabanci. Kuɗin takarda da na mota kuwa, fataken shanu ya kamata su ɗauka, tun da daga ruga arzikinsu ya ke fitowa.