Allurar kashin baya: Yadda kalma guda ke hana tsofaffi magani

Ni ba likita ba ne, malamin harshe ne, to amma wani abu da ya faru da baffana a daminar bara ya tilasta mini tsoma baki a harkar asibiti. Dattijo ne manomi daga Kunci, ya haura shekara 70, ya daɗe yana ganin jini a fitsarinsa, har aka kai shi wani babban asibiti a Kano, inda bincike ya nuna akwai tsiro a mafitsararsa, aka ce sai an yi aiki. Da wani matashin ma'aikaci ya zo yi masa bayani sai ya ce, "Baba, ba za a sa ka barci ba, rabin jikinka za a kashe." Baffa ya dube shi ya ce, "Yaro, da ƙafafuna na zo, da su kuma zan koma gida." Washegari ya tattara ya koma Kunci.

Wannan matashi bai yi ƙarya ba, amma kuma bai isar da saƙo ba, domin a kunnen Bahaushe mutuwar rabin jiki ita ce shanyewar da ba a tashi daga gare ta. Abin da likitoci ke nufi daban ne. Allura ce siririya da ake yi a ƙasan gadon baya, a zuba magani cikin ruwan da ke kewaye da jijiyoyi, sai jiki daga wajen cibiya zuwa ƙafafu ya daina jin zafi na 'yan sa'o'i, sannan ya dawo yadda yake. Ba sabon abu ba ne, tun shekarar 1898 wani likitan Jamus mai suna August Bier ya fara aiki da ita, kuma ita ce ake yi wa mata da yawa idan za a ciro musu jariri. Shi kansa aikin, galibi ta hanyar fitsari ake zura na'ura a kankare tsiron, ba a tsaga ciki. Amfaninta ga tsoho shi ne yana farke, yana numfashi da kansa, wanda hakan sauƙi ne ga mai ciwon ƙirji. Tana da nata matsalolin, kamar saukar jini da ciwon kai, kuma ba a yi wa mai shan maganin tsinka jini sai likita ya duba, amma shanyewa ta dindindin abu ne da da wuya ƙwarai ya faru.

Da na je Kunci na ce masa, "Baffa, ka san yadda ƙafa kan mutu idan an daɗe a zaune a kanta, in an miƙe kuma ta dawo? To, irin wannan ne." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai da haka aka faɗa mini da ban taho ba." An yi aikin bayan girbi, amma wata huɗu sun riga sun wuce, tsiro kuwa ba ya jiran mai gona.

Bugu da ƙari, ba wannan kalma kaɗai ke cutar da mu ba. Har yau ana cewa daji ba ya son ƙarfe, wato kada allura ko wuƙar likita ta taɓa mai ciwon daji. Haka nan a ƙauyukanmu akan ɗauki tsargiya alamar balagar yaro, alhali cuta ce da ake ɗauka a kududdufai da madatsun ruwa inda yara ke wanka, manya ke noman rani. Tun 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira, kuma a 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da ke jawo dajin mafitsara. Shi ya sa tsoho da ya saba ganin jini a fitsari tun yana yaro ba ya ɗaga hankali sai abu ya yi nisa.

Don haka ina kira ga hukumomin lafiya da sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, musamman Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, da su zauna da likitocin sa barci su tsara bayani da Hausar da mutumin karkara zai fahimta, a gwada shi a kan dattawa kafin a buga, sannan a koya wa ɗaliban aikin jinya. Sa hannu ko dangwala yatsa a takardar da mutum bai gane ba, ba yarda ba ce. Mu kuma 'ya'ya da muka yi boko, kada mu ajiye iyayenmu a ƙofar ɗakin likita mu koma waje muna latsa waya. Mu shiga, mu yi tambaya, mu fassara. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma a asibiti wadda aka zara ba daidai ba tana iya cin rai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.