Kada Mu Gina wa Baƙo Bukka Mu Bar Birni Ya Zube

A farkon watan Satumba na shekarar 2024, bayan ruwan da aka yi ta shatatawa a waccan damina, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya zube. Gini ne na ƙasa da aka ɗaga tun tsakiyar ƙarni na 19, ya ga hawan sarakuna da saukarsu, ya ga shigowar Nasara da fitarsu, sai a hannunmu ya durƙusa. An yi jimami, an yaɗa hotuna a salula, daga nan kowa ya kama gabansa. Abin da ya rage shi ne tsohuwar maganar nan da ake maimaitawa a tarukanmu, wai maganin lalacewar Birni shi ne a jawo masu yawon buɗe ido, hanyar jawo su kuwa ita ce a sami fili a bayan gari, gindin duwatsu, a jera ƙananan ɗakunan haya na siminti irin na ƙasashen Turawa. Baƙo ya kwana can, da safe a ɗauko shi a mota ya ɗauki hoton fada, ya koma. A ganina wannan shawara guba ce da aka shafa wa zuma, kuma zan faɗi dalilaina a gaban malamai ƴan'uwana da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, tun da su ake nema su sa albarka.

Bari mu fara da inda aka kwaikwayo abin. A Amurka, cikin duwatsun arewacin jihar Jojiya, akwai wani ƙaramin gari mai suna Dalonega. A shekarar 1828 aka ga zinariya a yankin, kafin 1829 ta ƙare mutane sun yi ca a kansa kamar fara. Abin ya kai har gwamnati ta buɗe gidan buga kuɗi a can a 1838, ya yi aiki har 1861. Zinariya ta ja baya, garin ya tsaya. Yau tsohuwar kotunsa ta 1836 ta zama gidan tarihin zinariya, kuma dazukan da ke kewaye da shi cike suke da bukkokin katako da ake ba masu hutu haya na kwana biyu ko mako guda. Wannan shi ne hoton da ya ruɗi wasu daga cikinmu. Sai dai sun ga bukka, ba su tambayi wanda ke kwana ciki ba. Babban birnin Atlanta yana kimanin kilomita 100 daga wurin, kuma ƴan ƙasa ne ke ɗaukar iyalinsu su hau dutse su huta. Kasuwar a gida take.

Mu fa, wa muke jira? In Bature ne, to tarihin shekarun nan ya riga ya ba da amsa. Tawayen arewa ya sake tashi a 2007. A 2008 aka soke tseren motocin Dakar saboda tsoron hari. A 2010 aka sace ma'aikata a Arlit. A 2023 dangantaka da Faransa ta tsinke, sojojinta suka fita kafin ƙarshen shekara. Agadas ma, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan gadon duniya a 2013, wannan suna bai dawo mata da tururuwar baƙin da ta saba gani a da ba. Birninmu kuwa tun 2006 aka rubuta shi a jerin masu jiran wannan matsayi. Wanda ya zuba dukiyarsa a ɗakunan da sai Bature zai cika su, ya shuka gero ne a kan fa.

Baƙonmu na gaskiya yana kusa, idonmu ne ya ƙi ganinsa. Shi ne Bakanon da kakansa ya yi fatauci a nan, wanda tsakaninsa da mu kimanin kilomita 240 ne. Shi ne ma'aikacin Yamai ɗan asalin Damagaram da ke son ƴaƴansa su ga hawan salla da wasan kara. Shi ne malamin lakwal daga Maraɗi ko Tawa da zai zo da ɗalibansa, da mai bincike da ya sauka a Jami'ar André Salifou. Waɗannan ba ciyawa da tafkin wanka suke nema ba. Suna son ɗaki mai tsabta, ruwan alwala, makewayi mai kyau, da wanda zai ba su labari na gaskiya. Duk wannan gidan ƙasa na Birni yana iya bayarwa, har da sanyin soro a watan Afrilu, wanda ɗakin kwano ba ya samu sai an ƙona lantarki.

Ga kuma tambayar da masu wannan shawara suke kauce wa: kuɗin hayar aljihun wa zai shiga? Ginin ƙasa rai gare shi, kowace shekara yana son yaɓe kafin damina, yana son a gyara indararo, a canza azarar da gara ta ci. Ranar da aka daina, ranar ya fara mutuwa. Idan baƙo ya kwana a bayan gari, ya ci a bayan gari, ya biya a bayan gari, to abin da ya rage wa mai gidan Birni shi ne ƙurar mota da idon kyamara. Gidansa ne ya jawo baƙon, wani ne ya karɓi kuɗin. In haka ta ɗore, ba mai zargin wannan bawan Allah ran da ya rushe soron kakansa ya ɗora bulo da kwano, domin shi kaɗai ke ɗauke da nauyin abin da kowa ke alfahari da shi. Kada mu manta da ruwa kuma. Garin da ya yi suna da ƙishirwa tun zamanin mulkin mallaka, garin da ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka kafa aka ɗauke masa hedkwata zuwa Yamai a 1926, shi ne za a ja wa bututu zuwa lambun baƙi alhali mata na layin famfo?

Za a ce mini saukar da baƙo don kuɗi ba halinmu ba ne, baƙonka annabinka. Wanda ya faɗi haka bai san unguwar Zango ba. Me ya haifi Zango in ba saukar ayari ba? Fatake daga Ghat da Tarabulus da Azbin suna zuwa da gishiri da tufafi da takarda, su koma da fatu da gashin jimina, kuma kowane yana da maigidan da ke ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya karɓi la'adarsa. Sana'a ce mai mutunci, da ita attajirai irin su Malam Yaro suka yi suna har hamada ta san su. Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karim, ya kwana fiye da wata guda a Damagaram daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853, kuma cikin mutane ya zauna. Magabatanmu sun san karamci daban, haya daban, kuma sun iya haɗa su ba tare da ɗaya ya ɓata ɗaya ba.

Za a kuma ce ina kunya, ina sirrin iyali? Ai maginin Hausa ya warware wannan tun kafin a haife mu. Don me aka yi zaure, aka yi ƙofar gida, aka yi shigifa, kafin a kai cikin gida? Don baƙo ya sami wurinsa, iyali su sami nasu. Abin da ake buƙata shi ne a gyara ɗakin ƙofar gida, a fitar masa da makewayinsa, ba a rushe tsarin ba.

Tsoro ɗaya ne na yarda yana da tushe, shi ne abin da ya sami tsohon garin Marrakesh a Maroko, inda masu kuɗi daga waje suka yi ta sayen tsofaffin gidaje suna mai da su masauki, farashi ya hau, masu asali da yawa suka sayar suka koma gefen gari. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙa'idar da ya kamata fada da ma'aikatar magajin gari su tsayar tun ran gini ita ce: a ba da haya, kada a sayar, mai gida ya ci gaba da zama cikin gidansa, kaso sananne na kuɗin ya tafi ga yaɓe. Birnin da aka kwashe mutanensa aka bar bango ya zama kufai, ko da an shafe shi da farar ƙasa.

Saura abin da ya fi shafar mu malamai, wato labarin da za a ba baƙon. Sunan Dalonega daga harshen ƙabilar Ceroki aka samo shi, yana nufin rawaya, launin zinariya. Wannan zinariya tana cikin abin da ya sa aka kore su daga ƙasarsu a 1838, dubbai suka mutu a hanya. Mai hutun da ya zauna a barandar bukkarsa yana iya komawa gida bai ji wannan ba, domin mai neman haya abin da ke da daɗi yake tallatawa. Mu ma muna da irin namu. Ganuwar Sarki Tanimu da bindigoginsa abin alfahari ne, amma Damagaram ta yi cinikin bayi, kuma gumin bayi na cikin wannan ƙasar da muke kallo. Akwai kisan Kyaftin Cazemajou a 1898 zamanin Amadu Kuran Daga, akwai yaƙin Tirmini a 1899, akwai tuɓe Amadu Ɗan Basa a 1906 da kai shi gudun hijira. In muka bar wa direban mota da ɗan rakiya marar karatu wannan aiki, za su sayar da tatsuniya. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 tun 1971. Me ya hana mu ɗauko shi mu juya shi da Hausa, musamman yanzu da dokar 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa?

Mu ma zinariya ba ta bar mu ba. Tun 2014 da labarin Jado ya ɓarke, samari suka yi ta tafiya arewa, har gwamnati ta rufe wurin a 2017. A 2021 rami ya rufta a Ɗan Isa cikin jihar Maraɗi, mutum 18 aƙalla suka rasu. Yaron da ya kamata ya koyi kwaɓa ƙasa da ɗaurin guga a hannun tsohon magini ya tafi tonon rami, domin ginin ƙasa ba ya ciyar da shi. Ranar da magini na ƙarshe ya kwanta dama, ko an kawo mana kuɗin duniya ba mai gyara Birni.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyinmu su bar zancen fili a bayan gari. Su ƙidaya gidajen Birni da Zango da masu su ke son karɓar baƙi, su fara da biyar ko goma. Su haɗa su da magina, kowane magini da almajiransa. Mu malamai mu shirya ɗaliban lise su zama masu rakiya da Hausa da Faransanci, kowace makaranta kuma ta sa ziyarar Birni cikin tsarin shekararta. Masallacin 2024 ya riga ya gargaɗe mu, kuma damina ba ta jiran kammala taro. Allah ya ba mu ikon gyarawa.