Hutun Landan: Mabuɗin Ilmi Ko Mabuɗin Wahala?

Duk shekara idan damina ta yi nisa, makarantu suka ba da dogon hutu, akwai wata hira da kan cika zaurukan manyan gidajen Unguwar Rimi da sauran unguwannin masu hali na Kaduna: wane ya kwashi iyalinsa sun tafi Landan, wance ta dawo daga Manchesta da akwatuna shida, 'ya'yan wane sun yi hoto a ƙofar Fadar Bakingham. Ƙaramin ma'aikacin da ke zaune a ɗakin haya can bayan layi yana ji, ɗalibin da ke jiran ya gama digiri shi ma yana ji, kowannensu kuwa yana ƙudurtawa a zuci cewa ranar da ya isa mutum, to, wannan ita ce alamar da zai nuna wa duniya. Tun da yake mu ne masu wannan buri, mu ne kuma za mu riƙe ofisoshin gobe, ya kamata mu zauna mu auna al'amarin da sikelin hankali tun kafin ya zame mana farilla.

Da farko dai, kada wani ya ɗauka muna ƙyamar tafiya. Bahaushe matafiyi ne tun fil azal, ya ci kasuwar Gwanja, ya ratsa Sahara zuwa Turabulus, ya taka ƙasa da ƙafa har Makka. Ita Ingilar ma ba jiya muka fara zuwa ba. A 1855 wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram, mai suna Dorugu, ya bi Bature Barth har Landan. Labarin da ya bayar na abin da idonsa ya gani, wanda Schön ya rubuta ya sa a cikin littafin Magana Hausa na 1885, yana cikin tsofaffin rubutattun labaran Hausa na boko da muke da su. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je a 1921. Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman sun je a 1934. Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya zauna da Gwamna Lugga ya zayyana masa abubuwan da ke damun Arewa, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano sun yi karatu a Jami'ar Landan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ba a daɗe da dawowar Malam Aminu ba aka kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948.

Abin lura a nan shi ne irin tsarabar da waɗannan bayin Allah suka kawo. Wani ya kawo littafi, wani ya kawo ƙungiya, wani ya kawo tambayoyin da suka hana masu mulki barci. Sun je da ido biyu, ɗaya yana kallon Ingila, ɗaya yana kallon gida, suna gwada wannan da wancan. To, mu tambayi kanmu tsakani da Allah: iyalin da suka yi mako biyu tsakanin kantunan Titin Oksfod da layin shiga gidan gumakan Madame Tussauds, mece ce tsarabarsu ga unguwa in ban da turare da takalma da hotuna a waya?

Wannan ɗabi'a tana da asali. Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur ya malalo, kana aka yi ƙarin albashin Udoji wanda hukumarsa ta miƙa rahoto a 1974, ma'aikata suka wayi gari da ariyas a aljihu. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi, jirgin Nigeria Airways yana tashi daga Kano zuwa Landan, kuma ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza kafin ya shiga Birtaniya. A wannan zamani babban sakatare ko manajan masaƙa a Kakuri yana iya kai iyalinsa hutu da guminsa, ba wanda zai ɗaga gira. Sai dai wannan duniya ta shuɗe. A 1986 aka shigo da shirin SAP aka karya darajar naira, a 1987 Birtaniya ta ɗora wa 'yan Nijeriya biza, a 2003 aka rufe Nigeria Airways, masaƙun Kakuri kuma suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Arzikin ya tafi, amma ɗabi'ar da ya haifa ta zauna daram, har ma ta ƙara ƙiba.

Bari mu yi lissafi, domin lissafi ba ya jin kunyar kowa. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata. A cikin wannan shekarar fam ɗaya na Ingila ya haura naira 2,000. A watan Afrilu na 2025 kuɗin neman bizar ziyara ta wata shida ya kai fam 127 ga kowane mutum, babba ko yaro, kuma idan aka hana ka ba a mayar maka da ko kwabo. Ke nan, bisa farashin wancan lokacin, magidanci da matarsa da 'ya'ya uku za su zuba fam 635, wato sama da naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kafin a ce musu e ko a'a. Wannan ya fi albashin wata goma sha bakwai na masinjan ofishinsa. Ba a zo maganar tikitin jirgi ba, ba a zo maganar masauki da abinci da kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, balle tsarabar dangi.

Ɗan kasuwar da ya tara halalinsa, ko likitan da ya yi tanadi shekara da shekaru, wannan ruwansa ne, ba mu da ta cewa. Damuwarmu tana kan ma'aikacin gwamnati wanda kowa ya san matakin albashinsa, amma duk shekara sai an ga iyalinsa a bakin Kogin Tems. Daga ina? Amsar tana cikin fayil ɗin da ba ya motsi sai an shafa masa mai, da kwangilar ajin firamare da aka biya ba a gina ba, da taron ƙara wa juna sani na ƙasar waje da ake ƙirƙira daidai lokacin hutun yara. Ba dukan masu tafiya ne ɓarayi ba, Allah Ya kiyaye mu da yi wa mutane ƙazafi. Amma al'ummar da ta mai da hutun Landan ma'aunin mutunci ta riga ta kafa wa samarinta tarko. Saurayin da ya kama aiki bana da kyakkyawar niyya, bayan shekara biyar zai ji matarsa tana ba shi labarin maƙwabta, 'ya'yansa suna tambayarsa yaushe za su hau jirgi kamar 'yan ajinsu. A nan ne tafiya ke tashi daga mabuɗin ilmi ta koma ƙanwar kwaɗayi, shi kuwa kwaɗayi an san ƙofar da yake buɗewa.

Hasara ta biyu ta fi ta kuɗi zurfi, ita ce ta yaran kansu. Za ka sami yaro a Unguwar Rimi wanda zai ba ka labarin agogon Big Ben da gadar Tower Bridge, amma bai san cewa tafiyar 'yan mintoci daga gidansu, a lambun Ƙofar Gamji, akwai gadar ƙarfe da aka kafa a Zungeru a 1904, aka ciro ta aka kawo Kaduna bayan hedkwatar Arewa ta dawo nan, aka kuma sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956 ba. Bai taɓa shiga Gidan Arewa da ke Titin Rabah ba, gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Bai san Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Titin Ali Akilu ba, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ofishin jam'iyyar NPC. Ba a taɓa gaya masa cewa a kudancin jiharsa, a ƙauyen Nok, masu haƙar kuza suka tono sassaƙen yumɓu a 1928, wanda daga baya masana suka tabbatar cewa aikin mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce ne ba. Zariya na nan kamar kilomita 80 kacal, da ganuwarta, da dutsen Kufena, da Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, ginin da masana gine-gine na duniya suka yi rubutu a kansa. Yaron da ya tashi bai ga waɗannan ba, ranar da ya zama kwamishina aka kawo masa takardar yanka ganuwa a yi filoti, hannunsa ba zai yi rawa ba.

Mun san abin da za a ce mana, kuma akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Za a ce hanyoyinmu ba su da aminci. Haka ne, ba wanda ya manta da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris, 2022, ko halin da matafiya suka sha a hanyar Birnin Gwari. Uban da ya ƙi jefa 'ya'yansa cikin haɗari bai yi laifi ba. Za a kuma ce wuraren namu ba a kula da su, ba mai yi maka bayani, ba wurin zama mai kyau. Wannan ma an gani: otal ɗin Durbar da aka gina don bikin FESTAC na 1977 ya shekara da shekaru yana kango kafin a rushe shi a 2020. To, amma wa ya kamata ya gyara? Waɗanda ke da ikon sa kuɗin gyara a kasafi su ne masu kai iyalinsu wani wuri, don haka lalacewar ba ta taɓa su. Wurin da manya ba sa zuwa, ba a share shi. Ban da haka, Gidan Arewa da Ƙofar Gamji da Gidan Tarihi duk a cikin gari suke, ba daji tsakaninsu da Unguwar Rimi, sai dai dajin rashin kula.

Ga wanda Allah Ya hore wa halal ya yi niyyar zuwa Landan, shawararmu ita ce ya je irin zuwan magabata. Ya kai yaransa Gidan Tarihin Birtaniya, wanda aka kafa a 1753, shiga kuwa kyauta ne. Ya tsaya da su a gaban tagullan Benin da sojojin Ingila suka kwaso a 1897, ya bayyana musu yadda aka yi kayan ƙasarsu suka zo nan, da yadda wata doka ta 1963 ta zama hujjar riƙe su, alhali kuwa Jamus ta fara mayar da nata a 2022, gidan tarihin Horniman da ke cikin Landan ɗin kanta shi ma ya miƙa wa Nijeriya mallakar kaya 72 a wannan shekarar. Ya nuna musu Bush House, inda Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri a 1957, ya yi shekaru yana magana da kakanninsu. Idan akwai ɗalibi a cikinsu, ya leƙa ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew, inda wasiƙun Gwamna Lugga a kan cin Kano da Sakkwato a 1903 suke ajiye. Sa'an nan ya sa yaran su lura da abin da ya fi kowane gini muhimmanci: yadda mutanen nan ke tattalin tsohon abu, su rubuta tarihinsa a allo, su kawo 'yan makaranta aji-aji su gani. Wannan darasi shi ne tsarabar da ba a biya mata kuɗin kwastan.

Mu kuwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, da akwai abin da ke hannunmu tun yau. Ƙungiyar ɗalibai tana iya shirya ziyara sau ɗaya kowane zango zuwa ɗaya daga cikin wuraren nan, kuɗin mota kawai za a haɗa. Ɗaliban tarihi da na Hausa suna iya ba da ranar Asabar ɗaya a wata su zama masu yi wa baƙi jagora, su kuma rubuta bayanin kayayyakin da Hausa, don uwa da kaka su karanta ko a karanta musu. Ma'aikacin da ya karɓi kuɗin hutunsa yana iya ɗaukar iyalinsa ya nuna musu Gidan Makama da dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata a Kano, ko hasumiyar Gobarau a Katsina, ko rijiyar Kusugu a Daura, a lokacin da hanya ta yi kyau, ya dawo bai ci bashin kowa ba, bai kuma taɓa fayil ɗin kowa ba. Idan masu zuwa suka yi yawa, hukuma za ta ji kunya ta gyara, masu abinci da masu sana'ar hannu na wurin su ma su sami na cefane.

Fiye da kome, mu sauya ma'aunin da muke auna mutum da shi. Idan abokin aikinmu ya dawo daga Ingila, mu yi masa barka da sauka, kana mu tambaye shi abin da ya koyo wanda zai amfani ofis da unguwa. Idan wani ya yi hutunsa a Zariya ko a ƙauyensu, kada mu dube shi da idon tausayi. Yaran da ke wasa yau a titunan Unguwar Rimi su ne za su gaji Gidan Arewa da ganuwar Zazzau da baitulmalin jiha, kuma abin da muka nuna musu yana da daraja shi za su tsare. Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya sa tafiyarmu ta zama ta ilmi, ta kusa da ta nesa.