Idan mai gida ya faɗa cacar ƙwallo, a sake biya masa bashin?

Wata baiwar Allah daga Kafanchan ta turo min saƙo mai tsawo, kuma na san akwai irinta da yawa cikin masu karanta mu. Mijinta ma'aikaci ne, ba ya shan komai, ba ya dukanta. Matsalarsa cacar ƙwallo ta waya. Sau uku tana biya masa bashi: na farko da kuɗin adashinta, na biyu ta sayar da buhunan cittar da ta ajiye tana jiran farashi ya tashi, na uku yayanta ne ya rufa musu asiri. Yanzu kuɗin makarantar yara na wannan zango ya bi ruwa, mai POS na unguwa kuma yana sallama a ƙofar gida. Tambayarta ɗaya ce: ta sake biya?

'Yar'uwa, kada ki biya. Na san maganar da nauyi, don haka bari in yi bayani.

Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya jarabar caca a rukuni ɗaya da shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi haka a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Babbar alamarta ita ce bin asara: mutum ya yi asarar naira dubu biyar, ya zuba dubu goma don ya dawo da ita. A nan biyan bashi ke yin ɓarna. Duk ranar da kika biya, kin share masa allo, masu ba shi rance sun gane akwai mai biya, shi kuma ya samu sabon jari. Kin yi ne don ƙauna da gudun abin kunya, amma cutar kika ciyar.

Zai ce miki wasa ɗaya ne kawai ya yanke masa tikiti. Gaskiya yake faɗa, kuma haka lissafin yake. A ce ya haɗa wasanni 10 a tikiti ɗaya, kowanne yana da damar 70 cikin 100 na fitowa yadda ya zata. Damar dukkansu su fito tare ba ta kai 3 cikin 100 ba. Wannan "saura ƙiris" ɗin shi ke mayar da shi gobe. Wasannin kwamfuta da ke ƙarewa cikin 'yan mintuna sun fi muni, don babu jiran Asabar ko Lahadi. Kuma cacar tana cikin aljihunsa. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano, amma ba a rufe wayar kowa ba, balle a nan kudancin Kaduna da shagunan ke buɗe kusa da gidajen kallon ƙwallo.

Kada mu manta da halin da ake ciki. Cutar da ta cinye gonakin citta a 2023 ta durƙusar da gidaje da dama a Kaciya, Jaba da Kagarko, a shekarar da aka cire tallafin man fetur. Magidanci da dama sun shiga caca ne da tunanin cike giɓin cefane. Wannan ba uzuri ba ne, amma sanin haka zai taimake ki wajen zaɓen kalmomi.

Ki same shi lokacin da hankalinsa ke kwance, ba daren da ya yi asara ba, ba kuma a gaban yara ba. Ki kawo abin da kika gani da ido: kuɗin makaranta naira kaza ba su nan, wane ya zo neman kuɗinsa ranar kaza. Ki bar kalmomi irin su ɓarawo da marar amfani, suna ƙara masa dabarar ɓoyewa ne. Ki faɗa masa a fili cewa kina tare da shi, amma ba za ki ƙara biyan bashin caca ba. Idan kin faɗa, ki tsaya a kai. Za a yi fushi, za a yi rantsuwa, wataƙila har da hawaye.

Daga nan sai maganar kuɗi, wadda ita ce aikin gaske. Ranar da albashi ya shigo, a fitar da kuɗin abinci, haya da makaranta kafin komai, a biya makarantar kai tsaye. Idan ya amince, katin ATM ya zauna a hannunki ko hannun wani babba da yake jin nauyinsa, a riƙa ba shi na mota da na abincin rana. Ki canja lambobin sirrin asusunki, kada ki bar masa wayarki da manhajar banki a buɗe, takardun fili da na babur kuma su koma inda hannunsa ba ya kaiwa. Manyan kamfanonin cacar suna da tsarin da mutum zai rufe asusunsa da kansa. Ku zauna tare ya yi, a goge manhajojin caca da na rancen gaggawa. Bashin kuma a rubuta shi duka a takarda, shi ya je wurin masu kuɗin ya nemi biya kaɗan kaɗan daga nasa. Ki sanar da 'yan'uwa su daina ba shi rance, ko da ya ce yaro ne ba lafiya. Abinci dai kada a hana shi.

Ki nemi mutum ɗaya ko biyu su shigo maganar: kawunsa, fastonsa ko limamin unguwa, wanda ya iya riƙe sirri. Taron dangi a yi masa ca ba ya haifar da ɗa mai ido. Nasiha da addu'a suna da muhimmanci, sai dai a haɗa da asibiti. Ku fara da babban asibitin da ke Kafanchan, ku nemi a tura ku wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna aikinsa ke nan. Jinyar galibi zaman tattaunawa ce da ƙwararre, tare da duba ko akwai ciwon damuwa ko shaye-shaye a ƙarƙashi. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Abu ɗaya ba ya jira. Masu wannan cuta suna cikin haɗarin kashe kansu fiye da sauran mutane, musamman idan bashi ya yi musu katutu. Idan kika ji yana cewa gara ya mutu ya huta, ko ya fara sallama da rabon kayansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na feshin gona daga gidan, a kai shi asibiti a ranar. Idan kuma ya fara ɗaga miki hannu saboda kuɗi, ki kwashi yara ki tafi wurin danginki tukuna.

Zai iya komawa bayan wata biyu ko uku, musamman idan kakar Firimiya ta ɗau zafi. Idan hakan ta faru, a ƙara ɗaure bakin jaka, a koma wurin likita. Ki kuma sa ido kan samarin gidan, domin yaron da ake aika ya yanko wa babansa tikiti ya riga ya san hanyar shagon, alhali ƙa'ida ta hana wanda bai kai shekara 18 ba yin caca.