Gishiri a Ruwan Kifi: Mu Muna Ƙarawa, Su Suna Ragewa

Hirarmu ta yau kan gishiri ce, kuma za mu fara da wata asara da muka tafka a gida, don kada waninku ya maimaita ta.

Bara cikin hunturu mun je hutu gida Makoda, muka tarar ƙaninmu, ɗan aji ɗaya a babbar sakandare, ya fara kiwon tarwaɗa a bayan ɗaki. Kuɗin ƙwadagon da ya tara lokacin cirar gyaɗa ya haɗa ya sayi 'ya'yan kifi 60, ya zuba su a rabin durom mai cin lita 100. Da sanyi ya kankama sai kifayen suka rage cin abinci, suna goga jiki da bangon durom kamar masu ƙaiƙayi, ga wasu fararen ɗige-ɗige ƙanana a jikinsu. Wani maƙwabci ya ce a sa gishiri. Bai faɗi yawansa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Da magariba muka cika kwano muka juye. Gari na wayewa muka tsame gawa 41. Daga baya muka ɗora kwanon a sikelin mai shago, ashe kilo biyu yake ci. Wato giram 20 muka sa wa kowace lita, muka bar su suka kwana a ciki.

Maƙwabcinmu bai yi ƙarya ba, gishiri magani ne. Rashin awo ne ya yi ɓarnar. Da muka koma makaranta muka shiga binciken dalili, sai muka ci karo da wani abin mamaki: masu kiwon kifin teku a akwatunan gilashi, a Turai da Amurka da Asiya, idan irin waɗannan fararen ɗigon suka fito wa kifinsu, rage gishirin ruwan suke yi. Ta yaya ƙari zai zama magani a nan, ragi ya zama magani a can?

Amsar tana cikin darasin da kuka yi a ajin bayoloji, wato osimosis. Ku tuna yankan dankalin da malam ya jefa a ruwan gishiri, ya yi laushi ya yamushe, alhali ɗan'uwansa da ke cikin ruwan banza ya ƙara ƙarfi. Ruwa yakan ratsa siririn tantani daga inda gishiri ya yi kaɗan zuwa inda ya yi yawa. Dalilin ke nan da matsattsaku yake ƙanƙancewa ya saki ƙafar mutum idan aka barbaɗa masa gishiri.

Yanzu mu kwatanta ruwa biyu. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Da za a cika jarkar 'yan garuwa mai lita 25 da shi a bar ta ta ƙafe, gishirin da zai rage ya kai giram 875, ya kusa kilo guda. Ruwan rijiyarmu ko na Dam ɗin Tomas kuwa, gishirin da ke cikin lita ɗaya bai kai giram ɗaya ba. Jinin kifi yana tsakanin waɗannan biyu, wajen giram 9 zuwa 12 a lita.

Saboda haka kowane kifi da irin wahalarsa. Tarwaɗa da karfasa, jininsu ya fi ruwan da suke ciki gishiri, sai ruwa ya riƙa kutsawa cikin jikinsu dare da rana. Ba su cika shan ruwa ba, fitsari suke ta yi mai yawa, suna kuma tsamo ɗan gishirin da ke ruwan ta jajayen gaɓoɓin numfashinsu da ke gefen kai. Kifin teku kuwa ruwan jikinsa ne ke tsiyayewa waje. Yana tsakiyar ruwa amma kullum cikin barazanar ƙishi yake, don haka shan ruwan tekun yake yi, ya fitar da rarar gishirin ta gaɓoɓin numfashi, fitsarinsa kuma ɗan kaɗan ne.

Kifi yana da ƙoda da gaɓoɓin da za su daidaita masa jiki idan gishirin ruwa ya sauya a hankali. Ƙwayar cutar da ke haddasa farin ɗigo ba ta da wannan gata, ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Ta teku sunanta Cryptocaryon irritans, an raɗa mata shi a 1951. Ta ruwan daɗi, irin wadda alamu suka nuna ita ta kama mana tarwaɗa, ita ce Ichthyophthirius multifiliis, wadda aka sani tun 1876.

Ga yadda masu kifin teku suke yi. Sukan ware kifin da ya kamu a wani akwati dabam, su riƙa ɗebe ruwan gishiri suna mayar da ruwan daɗi kaɗan-kaɗan cikin kamar kwana biyu, har gishirin ya sauko daga giram 35 zuwa wajen giram 12 ko 14 a lita. A nan kifin sauƙi ma yake samu, domin ruwan ya kusa daidai da jininsa. Ƙwayar cutar kuwa ruwa ne ke cika ta, ta kumbura ta mutu. Sukan riƙe ruwan a haka mako huɗu ko fiye, suna aunawa kullum da wata 'yar na'urar auna gishiri, sannan su mayar da shi yadda yake, a hankali fiye da yadda suka rage. Ba kowa ne ke jure wannan ba. Murjani da ƙaguwa da jatan lande mutuwa suke yi, kifin shak ma ba a yi masa haka, kuma akwai cututtukan da dabarar ba ta taɓa su.

Me ya sa sai an yi makonni? Domin ɗigon da ido ke gani ƙwayar ce ta shige ƙarƙashin fatar kifi, inda canjin ruwa bai cika isa gare ta ba. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan tanki, ta lulluɓe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, su fito suna iyo suna neman kifi. A wannan zama na wajen jikin kifi ne ake samun sa'arta. Wanda ya ga ɗigo ya ɓace ya daina magani, ya bar na ƙasa suna jiran rana. Kuma sanyi yana jinkirta wannan zagaye, shi ya sa maganin hunturu ya fi ɗaukar lokaci.

Mu da ke nesa da teku da kimanin kilomita 1,000, dabarar ɗaya ce, fuska kawai ta juya: ƙwayar cutarmu ta saba da ruwan daɗi, sai mu ƙara mata gishiri ya zuƙe ruwan jikinta. Idan kuna da tanki a gida ko a gonar makaranta, ku riƙe waɗannan.

Na farko, ku san yawan ruwanku. Ku ƙirga jarka nawa ke cika tankin.

Na biyu, ku auna gishirin a sikeli. Idan kifin zai zauna a ciki kwanaki, giram 2 zuwa 3 ne a kowace lita. Durom ɗin ƙaninmu giram 300 ya ishe shi. Giram 20 da muka zuba awon tsomawa ne na 'yan mintoci, wanda ƙwararru ke yi idonsu na kan kifin, su cire shi da zarar ya fara kifewa.

Na uku, ku narkar da shi a bokiti tukuna, ku raba shi kashi biyu ko uku cikin yini guda.

Na huɗu, gishiri ba ya bin tururi. Idan iskar hunturu ta rage ruwan, ruwa kaɗai za ku ƙara. Idan kun zubar da wani kun sa sabo, sai ku auna wa sabon nasa kaɗai. Ku ci gaba da haka kwana 10 zuwa 14.

Na biyar, gishirin miya muke nufi. Kanwa tana sauya yanayin ruwa, ta ƙara wa dattin kifi guba.

Na ƙarshe, gishiri ba ya wanke ƙazanta. Ruwan da ya yi wari ko cunkoso ya yi masa yawa, canji da ragi yake so. Idan kifi na ci gaba da mutuwa, ku nemi malamin aikinku na gona, ko ku kai tambaya Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, ba ta yi mana nisa ba.

Sauran 19 ɗin da muka tsame muka sauya wa ruwa sun rayu, ƙaninmu ya sayar da su, ya sake zuba wasu. Yanzu akwai ɗan littafi rataye kusa da durom ɗinsa, duk abin da ya shiga ruwan sai ya rubuta awonsa da kwanan wata.

Ga aikin gida: tanki mai lita 500 ake so a sa wa gishiri giram 3 a kowace lita. Kilo nawa ake buƙata? Idan washegari aka zubar da rabin ruwan aka cika da sabo, giram nawa za a ƙara? Masu shirin WAEC da NECO kuma su gwada rubuta, cikin jimla huɗu, dalilin da kifin teku ke shan ruwa amma tarwaɗa ba ta damu da sha ba. Za mu kawo amsoshin mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.